Babban Allon Kwamfutar Wasa: Yadda Ake Zaɓensa Da Yadda Ake Ɗaura Shi

Matashin da ya ƙudiri aniyar haɗa kwamfutar wasa da hannunsa, yawanci hankalinsa na kan katin hoto, domin shi ke fitar da kyawun wasa. Sai ya shiga kasuwa ya tarar akwai wani faffaɗan allo da komai ke hawa kansa, wanda masu gyara ke kira bod. A kansa furosesa da ram ke zama, ta cikinsa kuma katin hoto da ma'ajiyar bayanai ke isar wa juna saƙo. Bod ba ya ƙara wa wasa wani gudu na a zo a gani. Amma shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga kwamfutar, yau da kuma shekaru masu zuwa.

Shi ya sa ba da shi ake fara ciniki ba. Furosesa ake fara zaɓa, sannan a nemo mata allon da ke da gurbinta. Kamfanoni biyu na Amurka ne ke riƙe da wannan kasuwa, Intel da AMD, kuma ta wannan ba ta shiga gurbin wancan. Ko a gida ɗaya ma akwai bambanci: AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, ya biyo da AM5 a 2022, Intel kuma yana da LGA1700 na 2021 da LGA1851 na 2024. Wanda ya sayi furosesar AM5 da allon AM4 ya yi asara tun kafin ya isa gida.

Sai maganar ram. DDR4 da DDR5 sun yi kama a ido, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga mazaunin ɗaya. Allon AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa. Na LGA1700 kuwa iri biyu ake yin su, wani na DDR4, wani na DDR5, sai mai saye ya karanta jikin kwali da kyau.

Girma ma abin dubawa ne. Ma'aunin ATX, wanda Intel ya gabatar a 1995, milimita 305 ne da 244. MicroATX 244 ne ta kowace fuska, Mini-ITX kuma 170. Ƙaramin allo na zama a babban akwati, babba ba ya shiga ƙarami. Kamfanonin Taiwan irin su ASUS, MSI, Gigabyte da ASRock na yin masu tsada da matsakaita. Ga mai wasa, matsakaici irin B650 ko B760 ya wadatar. Rarar kuɗin gara a ƙara a kan katin hoto.

Ranar ɗaurawa, gaggawa ce abokiyar gaba. A cire wuta gaba ɗaya, a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa allon, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa jiki tara wutar nan da ke ɗan tsira idan an taɓa ƙarfe. Ita kaɗai tana iya lalata kayan dubban nairori.

Tun allon na kan kwalinsa ake saka masa furosesa, ram da ma'ajiyar M.2. Furosesa na da ɗan alamar dala a kusurwa guda, a daidaita ta da ta gurbi, a ajiye a hankali ba tare da dannawa ba. A AM5 da gurbin Intel, siraran allurai a jikin allon suke, kuma ɗaya ta lanƙwashe, aiki ya tsaya. Idan ram biyu ne kuma mazauni huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake amfani da su. A ɗiga man sanyaya daidai ƙwayar wake a kan furosesa, a ɗora mata fanka.

A cikin akwati, a fara manna farantin baya idan ba a haɗe ya zo ba. Daga nan a duba 'yan turakun ƙarfen da allon ke zama a kansu: kowane turke ya dace da rami, domin wanda ya tsaya inda babu rami zai taɓa bayan allon ya haɗa wuta. ATX yakan ci noti 9, kuma ba a matse su da ƙarfi. Wayoyin wuta biyu ne: babbar mai fil 24, da ta furosesa mai fil 8 a can sama, wadda sababbin hannu suka fi mantawa. Katin hoto a dogon mazauni na sama yake shiga, kuma a jikinsa ake jona wayar sikirin, ba a jikin allo ba.

Wani lokaci tsohon allo ba ya gane sabuwar furosesa sai an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin allon, kamar yadda ya faru da allunan B450 da Ryzen 5000. Kada a soma wannan aiki sai da wutar da aka tabbatar ba za ta ɗauke ba, domin yankewarta a tsakiya na iya kashe allon.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka miƙa kuɗinka, shiga shafin kamfanin da ya yi allon ka tabbatar sunan furosesarka na cikin jerin waɗanda yake karɓa. Kafin ka ɗauki sukurudireba kuma, ka karanta ɗan littafin da ke cikin kwalin daga farko har ƙarshe.