Tsakanin kuɗin cefane da teburin mai littattafai

Fita cefane ga mai son karatu tafiya ce mai haɗari. Zai bar gida da jerin abin da ake buƙata: shinkafa, man gyaɗa, tattasai da sabulu. Kafin ya isa rumfar masu kayan miya a kasuwar Wuse ko ta Garki, idonsa ya faɗa kan littattafan da aka baje a tebur. Niyyarsa ya duba bango kawai, amma sai ga shi yana ciniki, man gyaɗan da aka ce kwalba guda ya koma rabi.

Ba a nan kaɗai ake fama da wannan jaraba ba. Japanawa har suna suka raɗa wa ɗabi'ar tara littattafai ba tare da karanta su ba, wato "tsundoku". Marubucin Italiya Umberto Eco, wanda ya rasu a 2016, ya tara littattafai fiye da 30,000, kuma bai taɓa ganin aibu a cikin waɗanda bai kai ga buɗewa ba.

Sai dai lissafin ɗan Najeriya daban ne. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, littafi kuwa sai tsada yake yi. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da gaza wadata ƙasar, don haka daga waje ake shigo da yawancin takardar ɗab'i. Da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, farashin littafi ya bi dala sama.

A nan ne tarkon yake. Da yawa daga littattafai masu araha da ake tallarsu a kasuwa ko a cunkoson motoci na satar fasaha ne. Alamominsu ba sa ɓuya: rubutu dishi-dishi, takarda shara-shara, ɗauri mai warwarewa tun kafin a kai babi na uku. Mai saye ya taɓa kuɗin abincin iyalinsa, amma ko kwabo bai kai ga marubucin da ya raba dare yana rubutu ba. An sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023, sai dai doka ba ta bin mutum kasuwa. Mai saye ne ke yanke hukunci a gaban tebur.

Mafita ba ita ce a kawar da kai daga littafi ba. A ware masa kasonsa a ƙarshen wata, daban da na tukunya, a sayi guda ɗaya na asali, a karance shi, sannan a yi musaya da aboki. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.