Dogarin Da Ke Riƙe Da Mabuɗin Kwamfuta

Ka sani a cikin kwamfuta akwai wani rubutaccen umurni da ake kira BIOS, shi ne ke tashe ta tun kafin Windows ya buɗe. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar na'ura, TPM, wadda kamfanin Microsoft ya sa ta sharaɗi ga Windows 11 a shekarar 2021. Aikinta aikin dogari ne, ita ke riƙe da mabuɗin BitLocker, wato makullin da ke ɓoye takardunka. Kullum in an kunna sai a auna BIOS, in awon ya yi daidai da wanda ta sani, ta saki mabuɗi.

To, ran da ka sabunta BIOS, dogari na iya ganin baƙuwar fuska ya hana shiga. Sai kwamfuta ta nemi lambobin ceto guda 48. Wanda ya rasa su ya rasa takardunsa, ko gwanin gyara ba ya iya fid da su.

Saboda haka kafin sabuntawa ka kwafe lambobin nan a takarda, ka dakatar da BitLocker, ka cika batir, kada wuta ta yanke ana tsakiyar aiki.