Wa Zai Fara Magana a Ƙarƙashin Teku?

A gindin teku akwai na'urori da ke aiki dare da rana: wasu na auna motsin ƙasa don gargaɗin tsunami, wasu na gadin bututun mai. Dole su aika da abin da suka gano, amma igiyar rediyon da wayoyinmu ke amfani da ita ba ta nisa cikin ruwan gishiri, 'yan mitoci kaɗan ruwan ya shanye ta. Shi ya sa da sauti suke magana.

Sauti kuwa mai nawa ne. Cikin ruwa yana cin kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, alhali rediyo na cin kilomita 300,000. Kuma hanyar ɗaya ce ga kowa: in na'urori biyu suka aika saƙo ya isa wuri guda a lokaci guda, sai su cakuɗe, duka biyun su lalace.

A doron ƙasa an daɗe da samun dabara. Wi-Fi na bin ladabin majalisa ne: ka saurara, in ka ji shiru sannan ka buɗe baki. A cikin teku wannan ladabin ba ya kai mutum ko'ina. Ɗauki na'urori biyu da ke da tazarar kilomita 3. Ta farko ta fara magana. Sai bayan daƙiƙa 2 ta biyu za ta ji. A tsakanin nan ta kasa kunne, ta ji tsit, ita ma ta fara. Shirun da ta ji tsoho ne, ya riga ya wuce.

To a raba musu lokaci, kowa da nasa? Sai agogunansu sun yi daidai, kuma siginar GPS ba ta ratsa ruwa. A nemi izini kafin a aika? Zuwa da dawowar tambayar kaɗai ya ci daƙiƙa 4. Saboda haka wasu injiniyoyi ke komawa ga tsohon tsarin ALOHA da aka fara aiki da shi a Jami'ar Hawaii a 1971: mai saƙo ya aika kawai, in an yi karo ya ɗan jira ya maimaita. A lissafi kashi 18 cikin 100 na hanyar kaɗai yake iya amfana da shi, amma inda saƙonni jefi-jefi ne, a ganina ya fi tsare-tsare masu yawan ƙa'ida.

Abin da ya sa na damu da lamarin shi ne batir. Aika sauti na cin wuta fiye da sauraro nesa ba kusa ba, kuma canza batir a zurfin teku sai an tashi jirgi da ma'aikata. Kowane karo maimaici ne, kowane maimaici na rage kwanakin na'urar da ake fatan ta yi gargaɗi ran da ƙasa ta motsa.

Ban da batun wa zai fara magana, akwai na harshen da za a yi maganar da shi. A 2017 ƙungiyar NATO ta amince da JANUS, ƙa'idar da cibiyar bincikenta ta La Spezia a Italiya ta tsara, don na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Bit 80 kacal take aikawa a daƙiƙa.