Yadda Sukari Yake Shiga Cikin Kitsen Jiki

Yau za mu yi magana a kan sukari da insulin.

Idan kun ci tuwo ko kun sha fura, abincin yana narkewa a ciki. Sai ya zama sukari, ya shiga jini. Amma sukari ba ya da amfani in ya tsaya cikin jini. Dole ya shiga cikin tsoka da kitse.

Kitse tarin ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu. Ku ɗauki kowace ƙwaya kamar gida mai katanga. Sukari ba ya iya ƙetare katangar shi kaɗai. Sai an samu ƴan dako sun shigar da shi. Masana sun ba waɗannan ƴan dako suna GLUT4.

To, mine ne aikin insulin? Insulin wani ruwa ne da jiki yake yi da kansa, a wata gaɓa da ke bayan tumbi. An gano shi a ƙasar Kanada a 1921. An daɗe da sanin yana rage sukarin jini, amma ba a san ta yaya ba.

A 1980 aka samu amsa a Amurka. Ƙungiya biyu suka yi aikin, kowace dabam: Kushman da Wardzala, sai Suzuki da Kono. Ga yadda suka auna.

Na ɗaya, suka ɗebo ƙwayoyin kitsen ɓera, suka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya suka zuba masa insulin, ɗayan suka bar shi haka nan.

Na biyu, suka farfasa ƙwayoyin, suka sa su cikin injin mai juyawa da sauri ƙwarai. Kun san yadda ake kaɗa nono har mai ya ware. Haka katanga ta ware gefe guda, kayan cikin gida gefe guda.

Na uku, sai ƙidaya. Su Kushman suka zuba wani magani mai alama, wanda yake manne wa ƴan dako. Inda alama ta yi yawa, nan ƴan dako suke.

Mi suka gani? Inda babu insulin, kusan duka ƴan dako suna zaune cikin gida. Inda aka zuba insulin, sun ragu a ciki, sun ƙaru a katanga. Ashe insulin ba sababbin ƴan dako yake yi ba. Kiran na ciki yake yi su fito aiki, cikin mintoci kaɗan. In insulin ya ragu, sai su koma ciki.

Yanzu ana liƙa wa ƴan dakon alama mai haske, ana kallon tafiyarsu da madubin likita.

Wannan ya shafe ku. A irin ciwon sukarin da ya fi kama manya, insulin yana kira amma ƴan dako kaɗan ne suke fitowa. Sai sukari ya taru a jini, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga kasala. Amma a cikin tsoka, motsa jiki ma yana fito da su. Noma da tafiya a ƙasa suna taimako. Wanda ya ga waɗannan alamu, ya je likita a auna jininsa, kada ya jira.

Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.