Kiéché: Man da ake mantawa da shi a tarakta ta hannu, sai ranar da garma ta ƙi ɗagawa

A garin Kiéché da ke kudu da Dogondutsi a jihar Dosso, da ƙauyukan da suka bi kwarin Dallol Mawri har zuwa gundumar Tibiri, damina gajera ce. Ruwa kan zauna ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma wanda bai yi huɗar gyaɗa ko wake a makonnin farko ba ya riga ya san abin da zai gani ranar girbi.

Shi ya sa ɗan gida da ke neman kuɗi a Yamai, Legas, Abidjan ko Turai, idan ya samu hali, yakan yi tunanin saya wa dangi ƙaramar tarakta ta hannu. Da damina ta yi huɗa, da kaka a ɗaura mata injin sussukar hatsi, da rani ta kai taki garake inda ake noman dankalin turawa da albasa.

Sai dai akwai kuɗin da ba a cika sa shi a lissafi ba. Ana biyan mai sayarwa, a biya kwastan, a biya motar da za ta ɗauko ta, a kuma juye baƙin man inji domin wannan kowa ya san shi. Man da ke can baya, ƙarƙashin kujerar direba, shi ake bari yadda ya zo.

Mai ɗaya, aiki huɗu

A yawancin ƙananan taraktoci irin su Kubota, Yanmar da Iseki, mai guda ne ke cikin akwatin giya, kuma shi ne man haidrolik. Shi ke jiƙa haƙoran giya, shi famfo ke turawa ya ɗaga garma, shi ke sassauta sitiyari, kuma a cikinsa birki yake nutse. Yawansa kan kai lita 15 zuwa 30, gwargwadon girman taraktar.

Littattafan Kubota na ƙananan taraktocinta da dama sun ce a canza wannan mai da filtarsa duk bayan awa 400 na aiki. Taraktar da ke aikin awa 8 a rana za ta cinye wannan adadi cikin kwana 50 kacal.

Matsalar ta hannu ita ce ba wanda ya san tarihinta. Agogon ƙirga awoyi yakan tsaya, ko a sauya shi da wani. Da yawa daga cikin na Japan a gonakin shinkafa suka yi rayuwarsu cikin ruwa da taɓo, wasu kuma sun shafe watanni a fili a tashar jirgin ruwa. Ruwa kan samu hanya ta bakin sandar giya idan robarta ta yage.

Da ta iso ƙasar Arewa sai ta haɗu da ƙurar hunturu, da ƙaiƙayin sussuka, da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk robar da ta tsage ƙofa ce ga yashi, yashin kuwa yana cin cikin famfo a hankali.

Alamun da take nunawa

Tarakta ba ta mutuwa ba gargaɗi. Garma takan fara ɗagawa a hankali ko tana fizga, musamman bayan inji ya yi zafi. Sitiyari ya yi nauyi. Famfo ya riƙa kuka siriri, alamar filta ta toshe ko yana zuƙar iska. Birki ya riƙa ƙara idan an taka.

Sandar awon mai ma tana ba da labari. Lafiyayyen mai garau yake kamar man gyaɗa. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. Idan kuma yana ƙyalli a rana, garin ƙarfe ne a ciki.

Yadda ake juyen

Aikin bai fi na rabin yini ba, kuma bakanike mai natsuwa zai iya yin sa a ƙofar gida. A fara tuƙa taraktar na 'yan mintoci domin man ya yi ɗumi ya tsinke. A ajiye ta a wuri mai daidai, a sauke garma ƙasa, a kashe inji, a cire makulli.

Kafin a kwance komai, a goge kewayen murfin zuba mai da na filta tas. A zaɓi lokacin da iska ta kwanta, domin ƙurar da za ta faɗa ciki yayin aikin tana iya ɓata sabon man tun ranar farko.

Ramin juyewa ba ɗaya ba ne. Wasu taraktocin suna da uku ko huɗu, a ƙarƙashin akwatin giya da gefen ƙafafun baya, kuma wanda ya kwance ɗaya kawai ya bar lita da dama na tsohon mai a ciki. Wasu notocin suna da maganaɗisu a baki. Laushin garin ƙarfe a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma gutsattsarin da yatsa ke ji suna nufin a buɗe a duba giya.

Sai filta. Masu giyar hannu galibi ɗaya gare su, masu tafiya da feda ba tare da canza giya ba kuwa sukan zo da biyu. A tabbata tsohuwar robar ta fito tare da tsohuwar filta, a shafa wa sabuwar robar mai kaɗan, a ɗaure da hannu har ta zauna, sannan a ƙara kamar rabin juyi. Ɗaurewa da ƙarfin sifana yana murƙushe robar.

Akwai kuma rariyar ƙarfe a bakin bututun da famfo ke zuƙar mai, a taraktoci da yawa. Ita ba a jefar da ita, wanke ta ake yi da kananzir ko man dizal a mayar. Ita ce aka fi mantawa da ita.

Bayan an zuba sabon mai zuwa alamar sanda, a tayar da inji a hankali, a ɗaga hannun garma a sauke sau da yawa, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe domin iska ta fita. A kashe, a jira, a sake aunawa. Kada a nemi yoyo da tafin hannu: man da famfo ya matsa yana iya huda fata, kwali ake karawa.

Ba kowane mai ba

Nan ne aka fi tafka asara. Man giya mai kauri na 90 ko 140 da ake zuba wa manyan motoci ya fi ƙarfin famfon, man inji kuma ba a haɗa shi don birkin da ke nutse a mai ba. Abin da ake nema shi ne jarkar da aka rubuta wa UTTO, ko wadda ta dace da ma'aunin kamfanin, kamar UDT na Kubota ko J20C na John Deere. A sayi mai hatimi, ba na awo a kwalba ba.

Filta kuma da lamba ake sayenta, ba da ido ba. Biyu na iya yin kama a waje, cikinsu ya bambanta. Rufe gadar Gaya da Malanville a 2023 ya sa kayan da ke shigowa Nijar ta Kwatano suka koma doguwar hanya ta Lome, don haka wanda ya jira sai Yuni kafin ya fara cigiyar filta a Yamai, Konni ko Sakkwato yana wasa da daminarsa.

Tsohon man ma amana ne. A kwarin Dallol Mawri ruwan ƙasa a kusa yake, daga nan rijiyoyin sha da na garake suke ɗiba. A tara shi a jarka mai murfi, kada a zubar a ƙasa.

Ga wanda ya aiko da taraktar daga nesa, abin da ake buƙata gare shi kaɗan ne. Ya sa kuɗin mai da filta biyu, ɗaya ta ajiya, cikin kuɗin saye tun farko. Ya ce a turo masa hoton sandar awo da na lambar filta ta WhatsApp. Ya kuma sa a rubuta kwanan wata da awoyin agogo a jikin sabuwar filta da fenti. Watan Afrilu ne lokacin wannan aiki, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas.