Takarda, Baƙi da Ɗinki: Yadda Littafi Zai Daɗe a Hannun Yaro

Akwai wata magana da mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna a kanta, musamman waɗanda a kan aika birni da kuɗin jama'a su ba da aikin ɗab'i. Maganar kuwa ita ce ta jikin littafi, watau takardarsa da baƙaƙensa da ɗinkinsa. A kan zauna har wata guda ana gardama a kan abin da za a rubuta a ciki, amma ran da aka isa maɗaba'a sai a ce da mai ɗab'i, "Ka dai yi mana mai kyau, mai araha kuma." Shi ke nan an gama. To, mai ɗab'i ɗan kasuwa ne, ya san a kan bango idon mai saye ya ke fara sauka, saboda haka sai ya ƙawata bango ya tsuke hannu a ciki.

Mu ɗauki ƙasar Tsanyawa, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, gaba da Bici. Ƙasa ce ta manoman gero da dawa da gyaɗa, ƙauyuka kusa da juna. Littafin da ya je makarantar ƙauye a can zai sha wuya. Yaro zai cusa shi cikin jakar leda, ya ratsa gona da raɓa, a aji kuwa sau da yawa yara biyu ko uku ke haɗa kai a kansa, kowa na ja wajensa. Daga Yuni zuwa Satumba ga laima, daga Disamba zuwa Fabrairu ga hunturu mai busar da kome. Da hutu kuma a jibge shi a ƙasa cikin sito, inda gara ke jira. Mu da aikinmu ya ke zagayen makarantu mun sha ganin littafin da aka raba farkon zango, kafin ƙarshensa ya zama bango a hannun wannan, tsakiya a hannun wancan.

Abin mamaki shi ne kakanninmu sun riga mu sanin wannan sha'ani. Littattafan malamai na ƙarni na 19, waɗanda ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna da Jami'ar Bayero ta Kano da zaurukan malamai da yawa, galibi a kan wata takarda ta ƙasar Italiya aka rubuta su. In ka ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta wajen rana, sai ka ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta. Fatake ne ke kawo ta daga Tarabulus a kan raƙuma har Kasuwar Kurmi. Akasarinta da tsummokara aka yi ta, shi ya sa ta wuce shekara 150 ba ta ruɓe ba. Malamai kuwa ba su ɗinke littafi. Warƙa warƙa su ke barinsa, a ƙasan shafi su rubuta kalmar da ta fara warƙa ta gaba don kada a rikita jeri, sa'an nan a sa shi cikin tadarishi, a ɗaure, a saka a gafaka. Da haka malami na iya ba almajiri warƙa biyu ya je ya yi tilawa, sauran littafin na nan a adane. Fata ta tsare ƙura da laima, kuma babu ƙarfen da zai yi tsatsa.

Da boko ya zo sai littafi ya zama ɗinkakke, kuma ya zama abin bugawa dubu dubu. Ofishin Talifi na Zariya, ƙarƙashin Dokta East, shi ya shirya gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha domin azuzuwan Yaƙi da Jahilci, na boko da na ajami, har kamfanin NNPC ya ɗauki tutar a 1966. Araha a wancan wuri daidai ne, domin nufin shi ne takarda ta kai hannun manomi ko ta halin ƙaƙa. Haka kuma littattafan hikaya da suka cika kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980, a kan takardar jarida aka buga yawancinsu, aka danne da waya. Duk wanda ya ajiye ɗaya daga cikinsu ya ɗauko ya gani: ta yi ja, gefenta na marmashewa. Dalili kuwa takardar jarida niƙaƙƙen itace ce wanda ba a wanke masa wani sinadari da ke cikinsa ba, shi ne ke sa ta ja in ta sha rana da iska.

Saboda haka tambayar farko ita ce, shekara nawa a ke so abin nan ya yi? Takardar sanarwar rigakafi ko ta rabon taki, ko tsarin bikin ba da kyaututtuka wanda za a karanta yau a ƙunsa ƙosai da shi gobe, takardar jarida ta ishe su. Ba mu ga hikimar buga irin waɗannan a kan takarda mai sheƙi da launi huɗu ba, balle a cika rabin shafi da hotunan manya, alhali aji na kukan alli. Amma littafin karatu da rajistar makaranta da littafin kuɗi, waɗannan a kashe musu.

Da nauyi a ke gane takarda, watau giram nawa ne faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. Ta jarida ba ta kai giram 50 ba. Littafin yara na bukatar 70 ko 80, bangonsa kuwa kati mai 250 ko 300. Akawu na iya gwada wannan da kansa ba sai ya dogara da bakin kowa ba: rim ɗaya na A4, watau falle 500, in mai giram 80 ce zai yi kilo biyu da rabi a kan sikeli, in mai 70 ce ya ɗan ɗara kilo biyu, in mai 60 ce ba zai kai kilo biyu ba. Lalle takarda ta yi tsada, domin masana'antar Jebba da ta fara aiki a 1969 da ta Oku Iboku ta 1986 duk sun durƙushe cikin shekarun 1990, yawancin takardar littafi daga waje a ke sayo ta. Duk da haka littafin da ya yi shekara uku ya fi wanda za a sake bugawa kowace shekara sauƙi. Kuma a guji mai sheƙi a cikin littafin karatu. Yaron ƙauye da tocila ko fitila ya ke bita da dare, sheƙin na mayar masa da haske cikin ido, fensir ma ba ya kama ta.

Sai baƙaƙe. Ga ɗan aji ɗaya da na biyu, kada harafi ya kasa lamba 16 ko 18, layi gajere, da fili tsakanin layi da layi. Manya lamba 12 ta ishe su. A bar sarari sosai ta wajen ɗinki, don kada yaro ya riƙa banƙare littafi yana neman farkon kalma. Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar cikin rubutun Hausa tun shekarun 1930. Kwamfuta na da su, amma ba kowane salon harafi ke ɗauke da su ba, sai mai buga aiki ya ga sun ba shi wahala ya zubar da ƙugiyar, ko ya aro ta daga wani salo ta fito a karkace kamar baƙuwa. Malamin da ya rubuta cewa ƙura ta shiga aji, in aka buga masa kura, ai ya tashi makaranta. Wanda bai iya karatu ba tukuna ba shi da abin da zai gyara kuskuren da shi, abin da ya gani shi zai haddace.

A kan babban falle a ke buga shafuna, sa'an nan a ninke. Ninki ɗaya shafi 4, biyu shafi 8, uku shafi 16. Wanda ya kai aiki mai shafi 50 zai biya kuɗin 52 ko fiye, gara ya rage ya koma 48. Takarda kuma tana da bi, kamar yadda itace ke da shi: yage ta ta wannan gefe sai ta tafi sak, ta ɗaya gefen sai ta karkace. Bin nan ya kamata ya tafi tare da ƙashin bayan littafi. In aka gicciye shi littafi ba ya buɗuwa da daɗi, da damina kuma sai shafuna su yi ta tuƙuƙurewa.

Ɗinki iri uku ne, kuma a nan yawancin hasara ta ke. Akwai na waya, wanda ya dace da ɗan littafin da bai wuce shafi 48 ko 64 ba. Aibinsa tsatsa, domin laima na cin wayar, tsatsar ta ci takarda, warƙar tsakiya ta fara faɗuwa. Akwai na gam, inda a ke yanke bayan shafuna a shafa gam mai zafi a manna bango. Shi ya fi kyan gani ran da ya fito, shi kuma ya fi saurin mutuwa a ƙasarmu, gama hunturu na busar da gam mai araha, yaro ya buɗe da ƙarfi sau ɗaya ka ji ƙas, warƙoƙi su zube. Na uku shi ne na zare, inda a ke ɗinke kowane ninki a tsakiyarsa, a haɗa su, kana a manna bango. Ya fi tsada, ya fi cin lokaci, amma littafin da ya wuce shafi 64 kuma yara za su yi shekaru suna ja, mu dai ba mu yarda a yi masa wani ɗinki in ba wannan ba. Lulluɓe bango da leda na da amfani ƙwarai saboda raɓa da hannun mai, sai dai ba ya hana ciki zubewa.

Duk wannan a rubuta shi cikin takardar yarjejeniya kafin a biya kafin alƙalami: girman shafi, nauyin takardar ciki da na bango, lambar harafi, yawan shafuna, irin ɗinki. A nemi mai ɗab'i ya haɗa samfuri ɗaya da ainihin takardar da zai yi aiki da ita, malamin Hausa ya karanta shi harafi harafi, akawu ya sa hannu ya riƙe kofe. Ran karɓar kaya a zaro littafi daga tsakiyar ƙunshi, ba na sama ba, a buɗe shi tsakiya a danne a kan tebur, sa'an nan a kama bango a girgiza. In warƙa ta motsa, kada a loda kayan a motar Tsanyawa.