Ɓarawon da ke Canza Maka Hanya a Intanet

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Ka ɗauka ka shiga tashar Funtua kana neman motar Malumfashi. Ba ka san wacce ke lodi ba, sai ka tambayi ɗan kamasho. To haka wayarka take yi. Idan ka rubuta sunan shafin bankinka, ita ba ta san inda yake ba, sai ta tambayi wani tsari da ake kira DNS, shi ya nuna mata hanya. Akwai muguwar manhajar da aikinta ke nan, ta kori ɗan kamashon gaskiya ta ajiye nata. Adireshin da ka rubuta daidai ne, ko harafi ɗaya ba ka kuskure ba, amma motar ɓarayi aka saka ka. Shafi ya buɗe kamar na banki, kai da hannunka ka zuba lambar sirri.

An taɓa yi, kuma babba. Wata manhaja mai suna DNSChanger ta fara yawo tun 2007, ta kama kwamfutoci kusan miliyan 4 a ƙasashe sama da 100. Wasu mutane a Estoniya ne ke juya ta, suna karkatar da jama'a zuwa shafukan talla, har suka tara kusan dala miliyan 14. A Nuwamba 2011 hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan Estoniya suka kama shida daga cikinsu.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. Da an kashe manyan kwamfutocin ɓarayin a ranar, duk wanda ya kamu zai rasa intanet, tunda ɗan kamashonsa ya ɓace. Sai aka nemi umarnin kotu aka sa masu tsafta a madadinsu, ana ta sanar da mutane su gyara na'urorinsu. Ba a kashe su ba sai 9 ga Yuli 2012. Wata takwas ana lallaɓa wanda aka cuta!

Mu fa a nan mun san ɗaya hanyar. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua, Bakori da Malumfashi, saboda 'yan bindiga. Na sani, matsalar ba iri ɗaya ba ce, wancan batun rayuka ne. Amma ni kaina sai da na kama hanyar Zariya kafin in tura kuɗi, masu POS kuma suka zauna zugum.

Doka muna da ita, ta laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Akwai ngCERT a ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, NCC ma tana fitar da gargaɗi. Sai dai da Turanci, a shafukan da dillalin masara a kasuwar Dandume ba zai taɓa leƙawa ba, alhali miliyoyi ke ratsa wayarsa lokacin kaka. Sashe na 24 kuwa, 'yan jarida sun daɗe suna kukan cewa su aka fi kamawa da shi. Me zai hana duk gargaɗin da ya fito a karanta shi da Hausa a rediyo?

Kafin nan, mu duba namu. Irin wannan manhajar takan shiga na'urar Wi-Fi ne ta kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Kwanaki na leƙa shagon wani abokina mai POS, wallahi har yau "admin" ce. Ku canza taku yau. Ku rage karɓar manhaja ta Xender, musamman su GB WhatsApp. In kuma waya ta ce shafin bankinka ba amintacce ba ne, kada ka danna ci gaba. Rufe shi, ka kira lambar da ke bayan katinka.